Na Biya Kuɗi Na Kwana A Gidan Ƙasa A Yazd

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, a gaishe min da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Ka ce in ba ka labarin yawon da na yi a hutun nan. Shekarata uku a Tehran, babban birnin Iran, ban taɓa leƙa kudu ba sai bana.

Na fara da Isfahan, na ga dandalin Naƙshe Jahan da sarkin Iran Shah Abbas ya gina bayan ya mayar da fadarsa can a 1598. Tsawonsa ya haura mita 500, masallatai biyu da fada da bakin kasuwa duk suna fuskantarsa. Na je Takhte Jamshid kusa da Shiraz, fadar da Sarki Dariyus na Farisa ya fara wajen shekara 518 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya Iskandar, sarkin Makidoniya, ya zo ya cinna mata wuta. Duk abin kallo ne. Amma abin da ya hana ni barci a Yazd na same shi.

Yazd gari ne a tsakiyar hamada, fiye da kilomita 600 daga Tehran. Da na shiga tsohon garin sai na tsaya cak. Lunguna ƙanana, katangu na jar ƙasa, zaure kafin tsakar gida, rufi irin namu na daurin guga. Wallahi na ɗauka a cikin birnin Kano nake, ta wajen Kurmi. Masaukin da na sauka tsohon gidan ƙasa ne aka gyara, aka sa lantarki da famfo da banɗaki mai tsabta, ga Turawa da mutanen Sin suna jiran ɗaki. Ni da aka haifa a soro, na zaro kuɗi na biya don in kwana a soro.

Da rana zafi kamar Afrilun Kano, amma ɗakin sanyi ƙalau. Mai gidan ya kai ni ƙarƙashin wata hasumiya da suke kira badgir, wato mai kama iska. Ƙofofi gare ta a sama, iska ta shiga ta gangaro ta bi ta kan ruwa ta yi sanyi, mai zafin kuma ta fice ta ɗaya gefen. Babu inji, babu janareta. Hasumiyar lambun Daulat Abad da ke garin ta kai mita 33. Ruwan kansa ta ƙarƙashin ƙasa kakanninsu suka jawo shi daga gindin duwatsu, ta ramukan da suke kira kanat.

Washegari da safe na tarar da wani dattijo yana yaɓe a bayan masaukin. Ƙasa ce da ciyawa ya kwaɓa, sak yadda na ga ana yi wa gidanmu ina yaro. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya buge ni, sai ga hawaye. Na tuna ranar da aka rushe soron Kaka aka ɗora bulo da kwano, muna ta murna wai mun waye. Ɗakin da yanzu ba ya shiguwa da azahar, in an ɗauke wuta kowa sai ya fito da tabarma. Dattijon nan kuwa mai wucewa sai ya ɗora hannu a ƙirji ya ce masa "ustad", wato gwani. Mu fa? Yaushe rabon da wani a unguwarmu ya kai ɗansa wajen magini koyon tubali da azara?

Na san za ka ce su ba su da ruwan sama, kuma gaskiyarka, abin da Kano ke samu a Agusta kaɗai Yazd ba ta samunsa a shekara. Amma don haka ne magabatanmu suka san makuba da katsi da indararo, kuma suke yaɓe kafin damina. Ba ruwa ne ya cinye badala ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, mu muka ɗebe ƙasarta, muka mayar da ita juji, muka yanka filaye a kanta. UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, ta sa Yazd cikin kayan tarihin duniya a 2017. Agadas ma ta shiga tun 2013, ga ta nan kusa da mu, da ƙasa aka gina ta.

Kada ka ɗauka komai daɗi ne a nan. Katin bankin waje ba ya aiki saboda takunkumi, sai ka riƙe tsabar kuɗi. A takarda riyal ne, a baki toman, kowane toman riyal goma, baƙo sai ya rikice. A ƙofar wuraren tarihi kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa. Ga kallo: baƙar fata ya gifta, sai a zaro waya ana ɗaukarsa hoto ba sallama, abin yana ci min rai ƙwarai. Mai tasi kuma zai ce maka ka bar kuɗin, alhali kara ce kawai, sai ka nace sau biyu sau uku ya karɓa. Abincinsu shinkafa da nama da gurasa, babu yaji ko kaɗan. Na yi kewar tuwo da miyar kuka har ba na son tunawa.

Na ji an ce kuna shirin rushe zauren Baba ku fitar da shaguna. Don girman Allah, Yaya, a dakata. Ka nemo tsohon maginin nan na bayan masallaci in yana raye, ya duba azarar ya faɗi abin da za a kashe. Zan aiko da kuɗin yaɓe kafin ruwa ya sauka.