Rumfar Baba mai gyaran tsofaffin kekunan ɗinki a Katako

Ƴan uwa masu ɗinki, musamman ku masu haɗa bargo da rage-ragen atamfa irina, in kuna da tsohon keke baƙi da ya daskare a ƙuryar ɗaki dan Allah kar ku saida ma masu awon ƙarfe. Akwai wani dattijo wajen kasuwar Katako nan Yamai da ke tada irin waɗanga kekunan, aikinsa nike so in gaya muku, da abin da ya min daɗi da wanda bai min ba. Wurin babu allo babu suna, rumfar kwano ce cikin layin masu tsohon ƙarfe, kowa Baba yake ce mai, in kunka shiga ku tambayi masu walda ina mai kekunan ɗinki za su nuna muku.

Wanda bai taɓa ɗinka bargon haɗi ba zai ce mi ya sa mutum zai wahala da keken da ya girmi uwarsa alhali ga sababbi fal kasuwa. To bargo hawa uku ne, ga saman da anka haɗa da ƙyallaye, ga auduga ko tsohon bargo a tsakiya, ga zanen baya, kuma inda ɗinki ya gamu da ɗinki sai ki samu yadi ya ninku har shida ko fiye, nan ne ƙananan kekunan zamani masu kayan ciki na roba suke fara tsallake zare suna kuka, wani ma haƙorin cikinsa ya karye. Tsohon keke kuwa ƙarfe ne tun daga kai har ƙasa, miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya iya, kuma shi kaɗai bargo ke buƙata. Ga shi na ƙafa ne, ko an ɗauke kuran tsakiyar zafi aikinki bai tsayawa.

Abin da ya sa na yarda da Baba shi ne bai yin ƙarya kan asalin keke, ko da gaskiyar za ta rage mai ciniki. Munka je da maƙwabciyata, ita da kan keken da ta saya hannun wata mata an rubuta Singer ɓaro-ɓaro da ruwan zinari, ni da nawa da na gada wajen innata. Ya kifa nata ya duba ƙasa ya ce "ɗiyata wanga ba Singer ba ne, kwaikwayo ne anka sake ma fenti, amma lafiyarsa lau zai miki aiki." Sannan ya nuna muna yadda ake ganewa, wanda wlh da wani ne sai ya ɓoye saboda shi ma yana da irinsu na saidawa jere a bayansa. Rubutun jiki ba shaida ba ne, kowa na iya manna shi. Na asali yana da tambarin tagulla da anka kafe da ƙusa a jikin ginshiƙi, yana da lamba da anka buga cikin ƙarfen kansa a gaba ta hannun dama, kuma in kin kifa shi za ki ga an buga SIMANCO jikin ƙarafunan ciki. Nawa yana da duka ukun.

Lambar nan ita ce takardar haihuwar keke, don kamfanin ya ajiye lissafin lambobinsa kuma yanzu suna nan a intanet, da waya kaɗai ki iya gano shekara da masana'anta. Masu farawa da harufa biyu na farkonsu E, irin su EA, EB, na Clydebank ne a Sikotilan daga 1935 zuwa gaba, masu harufa biyu na farkonsu A kuma na Elizabethport ne a Amurka. K ɗin da ake gani a lambar samfurin keken Singer, irin su 15K ko 66K, daga Kilbowie ne, sunan wurin da masana'antar Clydebank take, an rufe ta 1980, kenan duk wani mai K na gaske ya haura shekara arba'in komi ƙurucciyarsa. Nawa 15K88 ne. Baba bai damu da waɗanga sunayen garuruwan ba, shi da ido da kunne yake aiki, amma duk abin da ya faɗa da na koma gida na duba sai na tarar haka yake.

Ya ce min rabin kekunan da ke cikin garin nan jikokin 15 ne, kuma da gaskiyarsa, Butterfly na Sin da Usha na Indiya da waɗanda Japan ta riƙa ƙerawa bayan yaƙin duniya na biyu yawancinsu ƙirar 15 sunka bi, shi ya sa kwarkwaron zare da allura ba su wuyar samu, allurar gida ce ta kullum wadda ake rubuta ma 130/705H ko HAx1. Alamar 15 ita ce maɗaurin zaren sama yana gefen hagu jikin fuskar keke ba gaba ba, ƙoshiya kuma ta gefe ake cusa ta. 66 da ƙanensa 99 kwarkwaronsu ta sama ake jefa shi kwance, kuma ba iri ɗaya ba ne da na 15 duk da ido zai ce ɗaya ne, in kin sa na wani a wani, zare zai dinga cukurkuɗewa ki rasa dalili.

Muna zaune wani yaro ɗan koyon tela ya shigo da keken maigidansa a kan moto wai ya daina kama zare kwata-kwata, Baba ko tashi bai yi ba ya ce a juya allura, aka juya keke ya kama ɗinki, ko dala bai amsa ba. A Butterfly da 66 da tsofaffin 15 shafaffen gefen allura dama yake kallo, a 15K88 da Singer 201 kuma hagu yake kallo kuma daga dama ake zura zare. Nawa ne a garin nan za su kwance keken duka su ce an canza pis su amshi kuɗi?

Aikin da ya yi ma nawa kuwa na gani da idona don na zauna wajen wani ɓangaren. Ya cire farantin ƙarƙashin allura ya ƙwaƙulo ƙurar yadi da ta dunƙule tsakanin haƙora har ta zama kamar tabarma, ya jiƙa ƙarafunan ciki da kananzir har tsohon man da ya daskare ya narke, ya goge ya bari ya bushe sannan ya bi kowane rami da ɗigo guda na farin man keke, guda tak. Ya ce man gyaɗa da baƙin man mota su ke kashe kekunan mata a gida, ranar farko keke ya yi santsi ki ji daɗi, bayan wata biyu ya zama danƙo, ga ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai. Adon zinarin jiki kuma bai taɓa shi da ruwan omo ko alkol ba, da tsumma mai laushi da man keken ya bi shi a hankali, saboda wani siririn shafi ne ke rufe adon kuma alkol narkar da shi yake, da ya tafi adon ya koɗe ba ya dawowa. Ya sauya igiyar robar da ke kai ya sa ta fata, ya daidaita lokacin da ƙugiya ke ɗaukar zare daga allura, sannan ya nuna min wani sukuru a ƙarƙashi da ake kwancewa haƙora su sauka, ta yadda zan iya juya bargo ta ko'ina in yi ɗinkin zagaye-zagaye da hannuna. Wanga kaɗai ya biya ni kuɗina. Jika biyar na ba shi har da igiya, kuma ya ƙulla min tsofaffin kayan da ya cire a leda ya ce in tafi da su.

Yanzu allura lamba 100 nike sawa in zan haɗa hawa ukun, 80 ko 90 in ina haɗa ƙyallaye, kuma keken yana ratsa mahaɗar ɗinki ba tare da na ja yadi ba, ɗinkin ƙasa da na sama iri ɗaya.

Na tambaye shi Featherweight, ɗan ƙaramin Singer 221 ɗin nan da masu haɗa bargo a Amurka ke rububi, wanda ya fito 1933, jikinsa alminiyom nauyinsa wajen kilo 5. Ya ce bai taɓa zuwa hannunsa ba. Ni dai ko ya zo ban ga amfaninsa gare mu ba sosai, na wuta ne, na Amurkan ma 110 yake ci mu kuma 220 gare mu sai da taransifo, kuma tsakanin allura da ginshiƙi wurin ƙanƙane ne, babban bargo ba zai shige da daɗi ba. Yana da wani 66K mai adon fure a rumfar da Pfaff guda na Jamus, waɗannan sun fi min.

To sai abin da bai min ba. Baba bai riƙe alkawarin rana, in ya ce ki dawo Laraba ki ƙara kwanaki a kai, kuma waya ba kullum yake ɗauka ba, ga kuɗin taksi ana ta ɓatawa. Ba ya ba da takarda in kin bar keke, yaronsa ne ke rubuta suna da alli a jiki, kekunan kuma jibge suke a buɗe ƙura na sauka kansu, abin da shi da bakinsa yake hana mu yi a gida, gaskiya wanga ya dame ni don kayan gado ba abin wasa ba ne. Wurin zama benci guda ne, layin matsattse ga amalanke ga ƙarar walda, da damina kuma taɓo. Sannan bai taɓa injin keken wuta, in naki na wuta ne zai gyara ƙarfen ya ce ki kai ma mai lantarki sauran. Sababbin kwarkwaro da ƙoshiya da yake saidawa ma sai an zaɓa, wasu bakinsu kaifi gare shi yana cin zare, ki sa a gwada a gabanki kafin ki biya.

In za ki je ki je da safe kafin rana ta buɗe, ban da Juma'a. Ki ɗauki hoton lambar kekenki da waya kafin ki bar shi, ki kawo zani ki rufe shi da kanki, ki tafi da guntun bargo mai hawa uku irin wanda kike ɗinkawa a gwada a kai ba a kan ƙyalle guda ba. Ƙoshiyarki ta asali kuma in ba ita ce ta lalace ba, a gwada da ita ki maida ta jaka ki koma da ita gida.