Ƙwayar Sanaubar ta Pakistan: Abin da Na Gani Bayan Wata Guda

A wani shagon busassun 'ya'yan itatuwa da ke Madina na sayi rubu'in kilo na ƙwayar sanaubar, wato 'ya'yan bishiyar nan mai ganye kamar allura da ake kira pine da Turanci, irin da ake kira cilgoza, wadda ake tsinkowa daga duwatsun Pakistan da Afganistan. Siririya ce doguwa, ɓawonta ruwan ƙasa mai saurin fashewa a tsakanin yatsu, cikinta kuwa fari ne mai taushi. Da na ɗan gasa ta a kasko ba tare da mai ba, cikin minti uku ta yi ja, ƙamshinta ya cika ɗakin girki, kuma ta yi matuƙar dacewa a kan shinkafa.

Maiƙonta ne ya fi jan hankalina, domin kusan rabin nauyinta mai ne, galibi irin wanda ba ya daskarewa, tare da furotin da magneziyam da zinc da bitamin E, wanda ke cikin sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Mai shagon ya ce tana kashe ƙwayoyin cuta, amma abin da aka gwada a ɗakin bincike dabam yake da abin da ke faruwa a cikin mutum, saboda haka abinci na ɗauke ta, ba magani ba.

Aibinta biyu ne. Tsadarta ta ninka ta gyaɗa sau da yawa, sannan wannan maiƙon ba ya jure zafi. Wadda na ɓare na bari a kwano ta fara ɗaci cikin makonni uku, alhali wadda na sa a firji da ɓawonta tana nan garau.