Gargaɗi ga mafarauta: mai tallan "kakin da barewa ba ta gani" ya cinye mana kuɗi

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na mafarauta ne da maharba da 'yan sintiri, musamman na ƙasar Wudil, Garko, Sumaila da Rano, har zuwa Birnin Kudu da Gwaram. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, domin waɗanda abin zai faɗa wa ba su cika leƙa Facebook ba. 'Ya'yansu da ƙannensu ne ke miƙa musu waya su ce, "Baba, ga wasu kaya." Ni ma ta haka na shigo da ɓarawo cikin ƙungiyarmu, da hannuna.

Ni ne mai riƙe wa ƙungiyar mafarautan garinmu littafi, saboda na ɗan taɓa boko. Bayan an kai amfani gida, ana shirin fita dawa, sai na ci karo da tallan wani mutum. Hoton Bature ne a jikin bishiya, sanye da riga mai zanen ganye da rassa, sai ka ƙura ido kafin ka gane akwai mutum a wurin. A ƙasa an rubuta da Hausa mai kyau cewa kayan farautar barewa ne daga Amurka, ba sa riƙe zafi, dabba ba ta ganin wanda ya sa su, kuma kowane saiti yana zuwa da katin izini wanda in ka nuna a shinge ba mai taɓa ka. Riga da wando da hula, naira 18,000. Kati, 3,000.

Na kira shi. Bakinsa kamar an shafa zuma. "Yallaɓai" yake ce mini, ni da ko babur ban mallaka ba. Ya san gangi, ya san Sarkin Dawa da Sarkin Baka, har ya ce kakansa maharbi ne. Ya ce kada mu yarda da shi haka kawai, mu fara da saiti biyu mu gani. Wannan maganar ce ta kashe mini jiki, don a tunanina macuci ba ya cewa a gwada shi.

Saiti biyun kuwa suka iso ranar Juma'a a hannun wani direba a tashar Wudil, kuma masu kyau ne: auduga mara nauyi, ruwan ƙasa da ɗan ratsin toka. Daga baya na gane gwanjo ne irin wanda za ka iya tsinta a Ƙofar Wambai in ka yi haƙurin tona dila. Tsaba ya watsa mana, mu kuma muka taru kamar kurciyoyi. Mutum 12 suka kawo 21,000 kowanne, wani ya sayar da buhun gero, wani ɗan akuya, na haɗa 252,000 na tura ta wurin mai POS. Sunan da ya fito a asusun na mace ne. Na tambaya, ya ce uwargidansa ce ke riƙe kuɗin shago. Na yi shiru. A nan ya kamata in tsaya.

Bayan mako guda ya ce kaya sun maƙale a hannun kwastan, a ƙaro 30,000. Muka ƙara. Bayan kwana goma ya aiko da ƙulli ɗaya, saiti biyar a ciki, ya ce sauran bakwai na hanya amma direba na neman 25,000. Da na ce sai mun ga kaya, sai wayar ta daina shiga, ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma ya ɓace. Mutum bakwai ko zare ba su samu ba.

Abin mamaki, su bakwai ɗin ne suka fi mu sa'a.

Uku daga cikin biyar ɗin leda ce zalla, irin ta rigar ruwa, in ka motsa hannu tana ƙara kwaras-kwaras. Biyu kuma jibga-jibgan rigunan sanyi ne masu shafi a ciki, waɗanda aka ɗinka don ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Ku duba fa, a nan ƙasar Kano, in bazara ta kama a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, mutum yana tafe tun hantsi yana bin karnuka cikin sabara da kalgo, sannan a ce ya sa bargo. Ko a hunturu da ake busa sanyi da asuba, kafin azahar ka nemi inda za ka jefar da ita. Kuma duka biyar ɗin ba zanen ganyen da ke cikin hoto ba ne. Zanen kakin soja ne sak, kore da baƙi da ruwan ƙasa.

Ɗan wana, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ya fara sa tasa don ɗoki. Ya hau babur zai je cin kasuwa, ko bindiga bai ɗauka ba. A wani shinge jami'an tsaro suka tsayar da shi. Ya zaro kati da ƙarfin gwiwarsa ya miƙa. Suka juya katin gaba da baya, suka tambaye shi wa ya ba shi. Ya wuni a zaune a rana ba riga, sai da mai garinmu da Sarkin Dawa suka je suka tsaya masa, aka karɓe kayan aka sallame shi da jan kunne. Ni ban ga laifinsu ba. Da na jera katunan biyar a kan tabarma na duba da kyau, lamba ɗaya ce a jikinsu duka, ba hoto, ba sunan mai shi, sai tambarin mikiya da aka kwafo aka manna wa leda a shagon buga takardu.

To ku ji da kyau: babu wani ɗan kasuwa, a intanet yake ko a rumfa, da ke da ikon ba farar hula izinin sa kakin soja. Rundunar sojan Najeriya ta sha fitar da sanarwa tana hana wanda ba soja ba sa irin wannan kaya, kuma dalilin a fili yake, 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane da shi suke shiga gari. Yanzu ka ɗauki mafarauci, ga bindigar toka a kafaɗa, ga barandami, ga layu, sannan ka ɗora masa kakin soja ka tura shi dajin da mutanen wurin ba su san fuskarsa ba. Wa zai tsaya karanta kati? Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan'uwanmu suna hanyar dawowa gida yin Sallah, da yawansu 'yan ƙasar Bunkure, a kan zargin cewa masu garkuwa ne. Allah ya jiƙansu da rahama. Su bindigogin farauta aka gani a motarsu. Wannan mutumin kuɗinmu ya ci, amma abin da ya aiko mana zai iya cin rai.

Sai maganar "barewa ba ta gani", wadda ita ce ta ruɗe ni tun farko. Na zauna na bi diddiginta, kuma abin da na samu ya ba ni kunya. Barewar da Turawan Amurka ke harbi ma ba irin tamu ba ce, tasu ƙahonta rassa ne da shi kuma yana zubewa duk shekara ya sake tsirowa, tamu kuwa ƙahonta ba ya zubewa har ta mutu. Masana sun tabbatar idon tasu ba ya rarrabe ja da ruwan lemo da kore yadda namu ke yi, shuɗi ne yake ɗaukar idonta sosai. Shi ya sa a jihohi da dama na Amurka doka ce ta tilasta wa mai farauta da bindiga ya sa riga ko hula ruwan lemo mai ƙyalli, don kada ɗan'uwansa ya harbe shi, kuma da wannan rigar suke kashe barewarsu. Ashe ko a can ɗin zanen riga ba shi ne farauta ba. Zanen ganyen da ke hoton kuma an yi shi ne don dazuzzukansu masu duhuwa. Mu da rani muke fita, lokacin da gamba ta bushe ta koma ruwan ɗorawa, ƙasa ta yi fari, geza da sabara sun yi toka-toka. Mai koren kaki a irin wannan fili tun daga nesa za ka hango shi kamar tukunya a kan faifai.

Da na kai wa Sarkin Dawanmu wannan bayani, dattijo ne da ya haura saba'in, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai yaro, sai da Bature ya faɗa maka?" Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kuskure ne." Ya sa aka ɗauko masa kan burtu daga rataye, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Ya ce da wannan a goshi, da baƙar riga, yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, ya sha shiga tsakiyar namun dawa har ya zaɓi wanda yake so. Ya ce nama hanci ne da kunne, sannan ido, kuma idon ma motsi yake kamawa. In iska ta taso daga bayanka ta nufi gada, ko rigar aljanu ka sa ta tafi. Shi kafin ya tunkari nama sai ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda ta nufa. Sabulu mai ƙamshi, turare, hayaƙin taba, duk ya ce sun fi farar riga tona asiri. Ya ɗaga rigar ledar nan ya murza ta a kusa da kunnensa, ya ce, "Wannan ai ƙararrawa ce."

Ya kuma tambaye ni abin da na kasa amsawa: yaushe rabon da wani a cikinmu ya ga barewa a dajin nan? Gaskiya ta yi ƙaranci ƙwarai. Abin da muke samowa zomo ne, gafiya, burgu, makwarwa, zabon daji, in an yi sa'a gada. Dajin Falgore kuwa gandu ne na gwamnati, ba wurin da za ka shiga da bindiga gaba gaɗi ba ne. Wato mun biya kuɗin ɓuya daga dabbar da ba ma haɗuwa da ita.

Wanda yake son kayan shiga daji a zafin nan, ba sai ya tura wa kowa kuɗi ba. Ya sami yadin auduga mara kauri, ruwan ƙasa ko ruwan toka, mara zane, tela ya ɗinka masa da yalwa yadda iska za ta shiga, da dogon hannu saboda ƙaya da sarƙaƙiya. In fari ne da shi, masu rini na nan, kuma iyayenmu da bagaruwa da ɓawon itace suke dusashe nasu. A guji shuɗi mai haske da fari tas. Kafin ka biya, ka kara yadin a baki ka hura, in iska ba ta fita ta ɗaya gefen ba to gumi ma ba zai fita ba. Ka murza shi ka saurara. Ka zare zare ɗaya daga gefe ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, leda kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ban ce duk yadin roba ne mara kyau ba, akwai marar nauyi mai ƙananan huda da yake saurin bushewa, 'yan ƙwallo ma shi suke sawa. Amma mu masu kwana gefen wuta ne, masu bindigar da ke tartsatsi, kuma leda in ta kama ba ta faɗuwa, manne wa fata take. Ƙarangiya kuma kowane yadi tana kamawa, wannan sai haƙuri.

Mun kai ƙara da rasit ɗin POS da hotunan hirarmu, ana kan bincike. Saura huɗun da ke hannunmu Sarki ya hana kowa sawa ko da a gona ne, ya sa aka miƙa wa mai gari tare da katunan. Waɗanda suka yi asara ba wanda ya zage ni, amma na san zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, don haka na ɗauki alkawarin biyan rabin kuɗin a hankali, bayan an sayar da albasar rani.

Dalilin da ya sa ban bari sai an gama binciken ba na yi wannan rubutu: shekaranjiya wani abokina daga wajen Jahun ya turo mini talla a WhatsApp yana tambaya ko na san kayan. Hoton Baturen nan ne a jikin bishiyar nan, kalmomin ma ba a canza ba. Sunan shafin ne sabo, lambar waya sabuwa, kuma yanzu ya ƙara da cewa akwai rangwame ga ƙungiyar 'yan sintiri da ta sayi saiti goma zuwa sama. Ban sa sunan ba don kafin ku karanta wannan ya sake wani. Ku riƙe alamomin: hoton Bature a bishiya, katin izini, tayin a fara da saiti biyu, asusu da sunan da ba nasa ba. Abokin nawa ya ce mutanen garinsu sun karɓi biyun farko ranar Alhamis, sun yaba ƙwarai, kuma sun fara haɗa kuɗin sauran. Na ce ya je gidan Sarkin Bakansu a daren nan, kada ya bari sai da safe.