Sharhi: Ganin likita ta waya a ƙaramin asibitin karkara

Kayan da ake kawowa ba su da yawa: kwamfutar hannu mai ɗaukar layin waya, farantin sola mai watt 100, batir mai volt 12, na'urar awon hawan jini, da ɗan maƙalin yatsa mai auna iskar oksijin. Ma'aikacin lafiya ya duba mara lafiya, ya cike fom a manhaja, likita a birni ya karanta ya ba da shawara. Na yi aiki da wannan tsari rani da damina. Yana da amfani ƙwarai, sai dai ba ta inda ake tallarsa ba.

Kiran bidiyo ake yi wa talla, alhali shi ne mafi rauni. Inda sabis bai wuce 2G ba, hoto daskarewa yake yi, murya ta riƙa yankewa. Abin da ke aiki kullum shi ne a tura bayani a rubuce da hotuna, manhajar ta adana su har sabis ya dawo. Wanda zai saya ya fara tambayar wannan: tana cike fom ba intanet? In ba ta yi, a bar ta.

Shawarar likita kuwa ba ta wuce ingancin awon da aka tura masa. Yaro mai tari, a ƙirga numfashinsa minti guda cur yana natse: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, saurin numfashi ne. Oksijin ƙasa da kashi 90 cikin 100 na turawa babban asibiti ne. Amma maƙalin manya ba ya kama yatsan jariri, kuma sanyin hannu a hunturu ko baƙin lalle kan sa ya ba da lambar ƙarya. A ɗumama hannun, a sauya yatsa, a sake. Mai juna biyu da jininta ya kai 160/110, ko take ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ba a jiran amsar saƙo. Waya ake bugawa nan take.

Inda tsarin ya fi burge ni shi ne cututtukan fata, miki, da bibiyar masu hawan jini da ciwon sukari. Hoto biyu sun isa, ɗaya daga nesa ɗaya kusa, a hasken rana ba filasha, da rula a gefen mikin don girmansa ya fito. Filasha na ɓata launin ƙuraje a baƙar fata. Kuma a nemi izinin mara lafiya kafin a ɗauka, kada hoton ya zauna a wayar ma'aikaci; Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi bayanan lafiya.

Wuta ma da nata. Ƙurar hunturu na rufe farantin sola, sai an goge shi akai-akai, zafin Afrilu kuma kan kashe kwamfutar in aka bar ta kusa da taga. In aka jona cajin wayoyin unguwa, batir ba zai kai dare ba.

Babban giɓin da ya fi damuna shi ne bayan likita ya ce "a turo shi". Manhajar ba ta da mota, ba ta da jinin ƙari, ba ta cike ɗakin magani. Kafin a kunna na'urar, a tanadi allurar magnesium sulphate ta jijjigar masu juna biyu da artesunate na dubura don yara 'yan ƙasa da shekara 6 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, a manna lambar direba a bango, a kuma rubuta a yarjejeniya minti nawa likita zai ɗauka kafin ya amsa kiran gaggawa, har da dare da ranar Lahadi.