Shagon kifin ado a Jidda da dodon koɗin da suka sayar min

Kusan shekara biyu kenan ina sayen kayan tankin kifina a wani shago nan Jidda, gishirin haɗa ruwa, abincin kifi, har murjani masu rai guda uku da nake da su duk daga wajensu ne, kuma ban taɓa kuka da su ba sai wannan karon.

Ranan na shiga sayen gishiri kawai sai idona ya faɗa kan wani ɗan abu manne a gilashi, dodon koɗin teku ne amma irin wanda ba shi da ƙoƙo a baya, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, jikinsa ratsi-ratsi baƙi da shuɗi da fari, gefensa ruwan lemo, ga wasu ƙahonni biyu a ka da wani abu kamar fure a bayansa wanda da shi yake numfashi. Wallahi kamar an ɗinka masa atamfa. Na tambayi yaron shagon me yake ci, ya ce gansakuka, wai zai ma share min gilashi. Ban yi wani tunani ba na biya na taho da shi a leda.

To ashe ba haka ba ne. Sunansa Chromodoris quadricolor, ɗan Bahar Maliyan nan tamu ne, kuma ba ruwansa da gansakuka, soson teku yake ci, shi ma ba kowane soso ba. Wanda aka san shi da ci wani jan soso ne da ake kira Negombata magnifica mai dafi, dafin soson nan da ake kira latrunculin yake tarawa a jikinsa shi ya sa kifi ba sa kusantarsa, wannan kwalliyar da ta ruɗe ni gargaɗi ce ga masu son cinye shi. Ni kuma ina zan samo jan soso mai rai kullum? Shi kansa soson riƙe shi a tanki wani aiki ne, iska ta shiga ramukansa lokacin ɗauka ma sai ya fara mutuwa. Akwai 'yan ƙananan soso da suka fito da kansu a ƙarƙashin duwatsuna, na ɗauke shi na ɗora a kai, ya bi ta kansu ya wuce ko tsayawa bai yi ba.

Ruwa dai ba laifinsa ba ne, zafinsa digiri 25, awon gishirinsa 1.025, na saba masa da ruwan a hankali ɗigo-ɗigo, na kuma rufe bakin famfo da raga don kar ya zuƙe shi tunda jikin nasa laushi ne kamar kamu. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne ba ya nuna yunwa, yawo kawai yake dare da rana a gilashi kai ka ce lafiya lau yake, alhali abinci yake nema, kuma a hankali yana ƙanƙancewa, sati na huɗu ya koma kusan rabinsa, kalar ta dushe. Wata safiya na tarar da shi a kan yashi ba motsi, na yi maza na cire shi na canza ruwa saboda tsoron dafin, Allah ya taimake ni kifayena biyu da murjanin ba abin da ya same su.

Na koma shagon na yi wa mai wajen bayani, mutumin kirki ne ba zan ɓoye ba, ya ba ni haƙuri ya rage min kuɗin gishiri, ya ce yaron ya ɗauka irin koren dodon koɗin nan ne da ake kira Elysia mai cin gansakuka. Na yarda, amma haba, abin da kake sayarwa ai ya kamata ka san me yake ci. Gishiri da kifi zan ci gaba da saya a wajensu, tauraro biyu cikin biyar na ba su a kan wannan, don ina fitowa na leƙa tankin da ke bakin ƙofa sai ga wasu guda biyu manne a gilashi, da farashinsu a rubuce.