Malam ango, littafi za ka saya

Malam ango, tsakanin manhajar kasafin kuɗi ta waya da littafin hannu da ka tambaya, littafi za ka ɗauka. Duka biyun na riƙe, ɗaya ne kawai ya zauna.

Ka tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya? Ina nan Tudun Wada, Gusau. Kusan wata guda ba kira ba intanet, masu POS sun naɗe lemarsu. Manhajar da na biya wa kuɗin shekara ko buɗewa ta ƙi yi, lissafina duka yana ciki. Sai uwargida ta jawo wani tsohon littafin makarantar yara daga ƙarƙashin katifa. Ashe tun tuni tana rubuta duk abin da na miƙa mata: tiyar gero, manja, gawayi, kuɗin niƙa, har Maggi. Ranar kunya ta kama ni. Da wannan littafin muka ja ɗan kuɗin da ke hannu har layi ya dawo, ba mu ci bashin mai shago ba.

Tun daga nan, ranar da albashi ya shigo, kafin in leƙa majalisa, sai mun zauna ni da ita mun raba shi a shafi: hatsi da cefane, makarantar boko da Islamiyya, man mashin, wuta, magani, adashi. Sai layin da sababbin angwaye ke mantawa, kuɗin zumunci. Suna, biki, gaisuwar rasuwa, ƙanen da ya taso daga Ƙauran Namoda babu kuɗin komawa. In ba ka ware musu nasu ba, na cefane za su ci. Shafin ƙarshe kuwa na azumi da ragon layya ne, kowane wata ana jefa masa wani abu. Littafin ne kuma ya tona mini asiri, don da na haɗa katin waya, shayin dare, cajin mai POS da Naira 50 ɗin nan da ake cirewa in turin kuɗi ta banki ya kai dubu goma, sai ga shi sun zarce kuɗin gawayinmu na wata. Da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500, layi ɗaya na soke da biro, na rage shayi na ƙara wa mashin.

Manhaja kam ta iya haɗa lissafi, ba ta kuskure, tana kuma zana maka hoto mai launi. Iyakarta ke nan. Mai ɗakinka ba ta ganin abin da ke ciki, alhali ta hannunta yawancin kuɗin ke fita.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallar manhaja a WhatsApp, waɗanda ke cewa za ta tsara maka kuɗi har ta ba ka rance nan take. Duk wanda a cikinsu ya nemi ka tura masa BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka, ɓarawo ne. Haka in kaka ta yi ka je sayen hatsin shekara, wanda shi ne babban sauƙin mai albashi, tafi da tiyarka. Akwai masu buga gindin tiya ya lotsa ciki, akwai masu zuba mai kyau a bakin buhu, ƙasa ƙaiƙayi da tsakuwa. Sa a juye buhun a gabanka.

Sayi littafi mai kauri, ɗaura masa biro da zare, ka ba amarya ta riƙe. Ku riƙa rubutawa kullum bayan isha'i, don in aka kwana kuɗin tsire ba ya tunuwa.