Manhajar tura kuɗi: tana aiki, amma shafin tabbatarwa na buƙatar gyara

Albasa nake saro wa daga manoman wajen Marwa ina sayarwa a kasuwar Garwa, kuma tun da na sauke manhajar tura kuɗi ta kamfanin layina na daina damƙa wa direbobi kuɗi a ƙunshe. Ta fi tsohuwar hanyar danna # da jerin lambobi sauƙi nesa ba kusa ba. Tana riƙe sunayen waɗanda na saba tura wa, rasit kuma yana nan ajiye, sai in ɗauki hotonsa in aika wa manomi ta WhatsApp, gardama ta ƙare.

Inda nake da magana shi ne shafin ƙarshe, kafin a sa lambar sirri. A nan dukiyar mutum take rataye, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana rubuta 50000 da 500000 a cunkushe, babu tazara tsakanin sifirai, da rubutu siriri mai ruwan toka. Ka tsaya a ranar Garwa ta watan Afrilu, gumi na zuba a fuskar waya, ka gaya mini yadda za ka ƙirga sifiri. Lambobin wayar hannu a Kamaru kuma alƙaluma 9 ne tun 2014, dukansu da 6 suke farawa, kuskuren ɗaya ya isa kuɗi ya tafi wani gida. Sunan mai karɓa ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro a sama, adadin kuɗi a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe.

Haka ladan turawa da harajin da gwamnati ta sa tun 2022: a haɗa su a nuna mini jimilla kafin in amince, ba sai saƙo ya shigo ba.

Idan rezo, wato sabis na waya, ya yanke a hanyar Figil, da'irar nan ta yi ta juyawa, ba ka san ko kuɗin ya fita ba. Layi ɗaya ya wadatar: "bai tafi ba tukuna, kada ka sake turawa."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dattijon da ke rumfar kusa da tawa. Faransanci da Ingilishi kaɗai manhajar ta sani, don haka sai ya miƙa wa yaro waya, har da lambar sirrinsa. Don Allah a sa murya da Hausa da Fulatanci, ta karanta masa suna da adadi kafin ya danna.